Kwalin Jamus, Ƙarfen Banza: Wa Ke Kashe Injinan Manyan Motocinmu?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Yamai zuwa Damagaram da dare ya san wannan hoton. Kana tafe, fitilar mota ta hasko maka rassan itace a jere a kan kwalta, sai ƙaton dutse ɗaya ko biyu, daga nan sai baƙin abu ya bayyana gabanka kamar gini. Babbar mota ce ta mutu a tsakiyar hanya, ba fitila, ba alama. Yaran mota suna kwance a ƙarƙashinta kan tabarma, wani lokaci kwanansu na huɗu ke nan suna jiran kayan gyara daga Maraɗi ko Ƙonni. In direbanku ya gani da wuri ku wuce kuna salati. In bai gani ba, gobe a ce ƙaddara ce.

Ni ban yi musun ƙaddara ba. Abin da na ƙi shi ne a riƙa lulluɓe ha'inci da ita. Da yawa daga motocin nan da ke mutuwa a hanya ba tsufa ya kashe su ba. Injinsu bai daɗe da fitowa daga garaji ba, an kashe masa kuɗi masu yawa, an ce an mai da shi sabo. Abin da aka zuba masa a ciki ne jabu.

Na san wasu a nan za su ce, mu da ba mu da ko keke, ina ruwanmu da cikin injin titan? Ruwanku ne, ƴan uwa. Nijar ba ta da teku, kuma ba ta da jirgin ƙasa mai ɗaukar kaya. Layin dogon da aka shimfiɗa tsakanin Yamai da Dosso bai taɓa zama hanyar sufurin kaya ba, na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 kuwa muna nan muna jira. Shinkafar da ke tukunyar gidanku, siminti, magani, albasar Galmi da ke tafiya kudu, waken da ake fitarwa, gazuwal ɗin matatar Damagaram, duka a bayan babbar mota suke tafiya. Tun da aka rufe iyakar Benin bayan Yulin 2023, kayan da a da ke bin hanyar Kwatano ta Gaya suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, jira ya ƙaru. Injin da a da yake shan wahala yanzu yana shan ninkinta. Duk injin da ya fashe a hanya, kuɗinsa a kan tiyar hatsi da buhun shinkafa ake fanshe shi, kai da ba ka da keke kai ne mai biya.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Kawuna ya tara kuɗinsa shekara da shekaru ya sayi Mercedes Actros okaziyo, mai inji V6 da turbo, yana lodin albasa. Wata rana injin ya fara ƙwanƙwasa, aka tsaya, aka sauke. Kusine ya narke, wato ɗan siririn ƙarfen nan mai kamar ɓawon ƙwarya da ke zaune tsakanin hannun fistan da babbar sandar da ke juyawa a gindin inji, wadda wasu ke ce ma karanshaf. Bakanike ya rubuta abin da za a sayo. Kawu ya shiga kasuwa, mai shago ya fito masa da kwali biyu, suna ɗaya, launi ɗaya, tambari ɗaya, amma kuɗin ɗaya bai kai rabin na ɗayan ba. Ya tambayi bambanci. Mai shago ya yi murmushi ya ce duka suna aiki. Ya ɗauki mai arha.

Ina tsaye a garajin lokacin da bakaniken ya buɗe kwalin. Ya juya ƙarfen a hannu, ya kankara shi da farce, ya ce, "Alhaji, wanga ba na gida ba ne. Ka mayar a canza maka." Kawu ya ce, "Haba maigida, ɗaura kawai, Allah na nan. Albasa tana jirana." Bakaniken bai ƙara cewa komai ba, ya ɗaura. Ba a rufa wata biyu ba injin ya fashe da cikakken lodi a kai, hannun fistan ya huda jikin injin ya fito waje. Albasa ba ta jiran bakanike. Kafin a samo motar da za a juye ta, rabin kaya ya fara wari.

Wa ke da laifi a nan? Mutum uku ne, kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya, amma sai mun fara kawar da wata magana da ta zama waƙa a bakin kowa: wai kayan China ne suka lalata ƙasa. Wannan magana ta malalata ce. Motocin Howo da suka cika wuraren aikin hanya da ɗibar yashi a ƙasar nan na China ne, kuma suna aiki. Kayan gyaransu na asali ma daga can suke zuwa. Kamfanin da ya ƙera fistan ya buga sunansa na gaskiya a jiki, ya sayar da shi a farashinsa, bai cuci kowa ba. Ka san abin da ka saya, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ɓarawo shi ne wanda ya ɗauki ƙarfe maras nagarta ya sa shi a kwalin Mahle ko Kolbenschmidt ko Bosch, ya ajiye a kanta kamar na gaske. Kuma wannan kwalin ba da ƙafarsa ya zo Katako ko kasuwar Maraɗi ba. Wani ɗan ƙasa ne, mai salla tare da mu a sahun gaba, ya yi odarsa, ya san abin da ke ciki, ya biya duwan, ya jera a shago.

Shi ne na farko a laifi, kuma shi ne ba a taɓa tambaya. In ka sayar da gurɓataccen magani mutum ya mutu, kowa ya san ka yi kisa. In ka sayar da kusinen ƙarya motar ta tsaya cak a kwana da tsakar dare, motar fasinja ta afka mata, sai a ce direba ne bai kula ba. Ku tuna fa, a babbar mota inji ne ke juya famfon iskar birki, shi ne ke ba sitiyari sauƙin juyawa, shi ne kuma ke taimaka ma direba riƙe mota a gangare. Injin da ya mutu kwatsam da tan talatin a bayansa ba tsayawa kawai yake yi ba.

To amma me ya sa jabu ke kashe inji da sauri haka, tunda a ido iri ɗaya suke? Domin abin da ke aiki a cikin waɗannan kaya ido ba ya ganinsa. Kusine na gaske ba ƙarfe ɗaya ba ne, hawa-hawa ne: baya na ƙarfe mai ƙarfi, a kai a shimfiɗa gauraye mai laushi, wani ma da wani siririn rufi a sama. Tazarar da ke tsakaninsa da sandar ba ta wuce kaurin gashin kai ba, kuma a cikin wannan ƴar tazara man inji ke shiga ya hana ƙarfe taɓa ƙarfe. In tazarar ta yi faɗi, matsin mai ya faɗi. In ta yi ƙunci, ya yi zafi ya kama. Fistan ɗin babban injin gazuwal da aka yi da alminiyom yana da wani zoben ƙarfe mai tauri da aka dasa a inda zoben farko ke zama, da yawansu kuma suna da rami a ciki da mai ke zagayawa yana sanyaya kan fistan. Mai yin jabu ya san ba wanda zai tsaga fistan a shago ya duba, don haka a nan yake rage kuɗi. Turbo yana juyawa sama da sau 100,000 a minti ɗaya. Ɗan rashin daidaito kaɗan a fanka, sai ya farfashe ya tura ɓaraguzansa cikin inji. Filtar iska kuwa, a ƙasar da ƙura ke rufe rana lokacin hunturu, ita ce ran inji gaba ɗaya. Filtar ƙarya takarda ce kawai a gwangwani mai kyan fenti. Ƙura ta wuce ta, ta shiga silinda, ta zama kamar ana goga yashi a jikin ƙarfe dare da rana.

Na biyu a laifi shi ne mai mota, kuma a nan zan faɗa ko da kawuna zai karanta. Na ji hujjar: babu kuɗi, mota tana tsaye, bashi yana jira, iyali suna jira. Gaskiya ne, kuma ban raina ta ba. Amma a yi lissafi. A ce kayan gaske jaka 300 ne, na jabu jaka 100. Ka tsira da jaka 200 yau. Gobe in ya fashe za ka sake biyan kuɗin aiki, ka biya kuɗin jawo mota, ka biya mai kaya asararsa ko ka rasa shi har abada, kuma in hannun fistan ya huda jikin inji kamar na kawu, maganar gyara ta ƙare, sai sayen wani inji. Araha ba ta ado. Wanda ba shi da kuɗi shi ne ma ya fi kowa rashin halin sayen jabu, don mai motoci ashirin in ɗaya ta kwanta sauran za su ɗauke ta, mai mota ɗaya kuwa in ta kwanta gidansa ne ya kwanta.

Kuma ba dole ba ne sai ka sayi mai tambarin kamfanin motar. Wannan shi ne abin da yawancin masu motoci ba su sani ba. Mercedes ko Renault ko MAN ba su ne ke ƙera kowane ƙarfe da ke cikin injinsu ba. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan: Mahle da Kolbenschmidt a fistan da silinda, Glyco a kusine, Goetze a zobba, Elring da Victor Reinz a abin da ke toshe tsakanin kulas da jikin inji, Bosch a kayan feshin mai, Mann da Fleetguard a filta, Garrett da Holset a turbo. Kayansu a kwalinsu ya fi sauƙin kuɗi a kan mai tambarin motar, nagarta kuwa ba ta ragu ba. Matsalar ita ce sunayen nan su ne ƴan jabu suka fi kwaikwayo. Don haka sunan kwali ba hujja ba ne. Hujja ita ce wa ya sayar maka, daga ina ya samo, ya yarda ya rubuta maka takardar saye da lambar kayan a kai, ya yarda ka dawo masa da shi in awo bai yi daidai ba? Mai shagon da ya ƙi rubuta takarda ya riga ya gaya maka abin da ke cikin kwalin.

Shi kayan okaziyo, wanda aka ciro daga tsofaffin injinan Turai, ba na kushe shi duka. Jikin inji, kulas, karanshaf, in an auna an ga lafiyarsu ƙalau, tsohon na gaske ya fi sabon na ƙarya nesa ba kusa ba. Amma kusine, zobba, robobin toshe mai, filta, waɗannan ba a sa tsohonsu, ko da sun yi kyau a ido.

Ga kuma wata ɗabi'a ta masu motoci da direbobi da ke cin inji ko da kayan gaske aka sa masa. A ɗora ma mota kayan da ya wuce ƙarfinta, ta kasa hawa tudu, sai a je a ce ma bakanike ya ƙara mata wuta, a buɗe famfon mai. Ta yi ƙarfi kuwa, tana tafe tana tuttulo baƙin hayaƙi, direba yana alfahari. Wannan hayaƙin man da bai ƙone daidai ba ne, kuma zafin da ke tare da shi yana dafa kan fistan da turbo. In kana son inji ya ba da ƙarfin da ya wuce wanda aka ƙera shi da shi, kowane ƙarfe a cikinsa sai ya fi na da nagarta. Mu kuwa sai mu ƙara wuta mu rage nagarta, a rana mai zafin da ya haura digiri 40. Ƙungiyar UEMOA ta kafa dokar iyakance nauyin lodi tun 2005, ku duba titan ɗin da ke wucewa gabanku yau ku gaya mini.

Na uku shi ne bakanike, kuma shi na fi tausaya ma, amma ba zan wanke shi ba. Ƴan garajinmu suna da hannu, wallahi suna da shi. Yaron da bai gama firamare ba zai kwance injin V8 a ƙarƙashin dogon yaro ya mayar da shi ba tare da littafi ba. Amma gyaran inji ba ƙwaƙwalwa da ƙarfin hannu kawai ba ne, awo ne. Garaji nawa a Maraɗi ko Tawa ke da ma'aunin da ake gwada kaurin karanshaf da shi? Nawa ke da sifanar da ke nuna ƙarfin ɗauri? Kusoshin kulas suna da tsarin ɗaurinsu da adadin ƙarfinsu, a injina da yawa ma miƙewa suke yi in an ɗaure su, shi ya sa ba a so a maimaita su. Mu kuwa sai a sa dogon bututu a sifana, yaro ya rataya a kai har sai maigida ya ce ya isa. In an feƙe karanshaf an rage shi da milimita 0.25 ko 0.50, dole kusinen da za a sa ya zama na wannan awon daidai. In ba a auna ba, ko na gaske ka sayo zai narke.

Abin da ya fi wannan muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa, shi ne tambayar me ya kashe injin tun farko. Kusine ba ya narkewa haka kawai. Ko famfon mai ya gaji, ko an daɗe ba a yi juye ba, ko gazuwal ko ruwa ya gauraya da man. In ba ka gano dalilin ba, ka sa sababbin kaya ne kawai a cikin tsohuwar cuta. Bayan injin kawu ya fashe, da aka kwance, sai ga ɓarɓashin kusinen farko a cikin abin sanyaya mai, ba a wanke shi ba, ba a canza shi ba. Ke nan ko da kawu ya sayi na gaske, da wannan ɓarɓashin ya bi mai ya koma ya cinye shi, sai dai ya ɗan ƙara kwana. Haka nan al'adar cire tamostat, ɗan abin nan da ke daidaita zafin ruwa, wai ƙasarmu da zafi ba ma buƙatarsa. Wanda ya ƙera injin ya san akwai Sahara. A wasu injina ma in ka cire shi, wani ɓangaren ruwan sai ya riƙa zagayawa bai bi ta lagireto ba, abin da ake gudu shi za a samu.

Sai kuma maganar da ba a so a yi: kamasho. Akwai bakaniken da ke tura ka wani shago takamaimai don yana da nasa a ciki, akwai wanda za ka ba kuɗin na gaske ya sayo na ƙarya ya riƙe canji. Ba duka ba ne, na san masu amana da yawa. Amma bakaniken da ya gane jabu a hannunsa, ya faɗa sau ɗaya, ya ɗaura don kar Alhaji ya kai aikin wani garaji, shi ma ya sa hannu. Na gane matsayinsa, yana da yara goma a garaji da ke cin abinci a hannunsa. Shi ya sa wannan ba abin da mutum ɗaya zai tsaya a kai ba ne. In ƙungiyoyin makanikai na gari suka haɗa baki cewa ba mai ɗaura kayan da aka tabbatar jabu ne, Alhaji ba shi da inda zai kai motarsa.

Hukuma fa? Muna da duwan a kowace iyaka, muna da hukumar kula da ingancin kaya, muna da ta kiyaye haɗurran hanya, muna da binciken lafiyar mota da ake biyan kuɗinsa. Kowace kwantenar kayan gyara ta wata ƙofa ta shigo, an ƙirga ta, an karɓi haraji. Abin da muke tambaya ba shi da wuya. In an iya sanin nawa kwali zai biya, me ya hana a buɗe guda a cikin ɗari a kai shi awo? In babbar mota ta yi haɗari saboda inji ko birki, me ya hana a bi sawun kayan da aka sa mata har zuwa shagon da ya sayar? A wajabta takardar saye mai lambar kaya ga duk mai sayar da kayan manyan motoci. Cibiyoyin koyon sana'a da ke jihohi su buɗe ƙofa ga yaran garaji, ko da kwas ne na ƴan makonni, a koya masu awo da karanta lambar inji, don da lambar da ke jikin inji ake odar kaya, ba da cewa "ba ni na Actros" ba. Ƙungiyoyin masu sufuri, da suka iya haɗa kai in an ƙara kuɗin hanya, su haɗa kuɗi su yi odar kaya kai tsaye daga wakilan kamfanoni, su raba a tsakaninsu. Malamai kuma da ke wa'azin algus a mudu da sikeli, su leƙa layin ƴan kayan mota, algus ɗin can ya fi na tiya kisa.

Ku kuma da ke karanta wannan a waya, da yawanku ƴaƴan direbobi ne, ƙannen makanikai, masu tsaron shagon baba. Kun iya karatu, kuna da intanet a aljihu. Lambar da ke jikin kwali, ku shigar da ita a shafin kamfanin ku ga ko akwai ta, ko ta wannan injin ce. Ku duba rubutun kwalin, ƴan jabu suna yawan kuskuren harafi. Ku duba ko lambar da ke kwali ita ce aka buga a jikin ƙarfen. Fistan shida na inji ɗaya ya kamata nauyinsu ya zo kusan ɗaya, ku ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya a gaban mai shago. Wannan ba zai kama kowane jabu ba, akwai wanda sai an kai shi awo, amma mai shagon da ya ga ana auna kayansa a gabansa zai fara tunani kafin ya sake odar irinsa.

Motar kawu tana nan a bayan gida shekara ta biyu ke nan, tayoyin gaba sun sace, awaki suna shan inuwa a ƙarƙashinta. Direbanta ya koma kabu-kabu, yaran motar biyu sun tafi haƙar zinari a arewa. Shagon da ya sayar da kusinen yana nan a buɗe, na wuce ta gabansa makon jiya, ya ƙara ƙofa ta biyu.